Yadda Ake Zaɓen Malamin Zane, da Yadda Ake Haɗa Masa Kayan Aiki, a Makarantunmu na Sudan

A yawancin makarantun unguwanninmu, daga Mai Wurno zuwa Gadarif, Kasala, Damazin da ƙauyukan Jazira, hissar zane, wato lokacin darasin zane, marainiya ce. Tana nan a jadawali, amma in malamin lissafi bai gama manhaja ba ita ake yanka masa, in kuma an rasa mai shiga sai a tura duk malamin da ba shi da aji ya ce wa yara su zana abin da suke so. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin ya ƙara muni: makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuɗin fenti da takardar zane kuwa ba a ma maganarsa. Wannan bayani na mudir ne, wato shugaban makaranta, da kwamitin iyaye da ke son farfaɗo da hissar nan da ɗan abin da ke hannu. Mafarin aikin shi ne sanin hanyar da malamin ya biyo, domin abin da aka koya masa shi zai koyar, abin da aka hana shi kuma shi zai hana yara.

Daga ina malamin ya fito?

Wanda ya fi cika ido shi ne ɗan kwaleji. Kwalejin zane ta Khartum ta faro ne a tsakiyar shekarun 1940 a ƙarƙashin Kwalejin Gordon, yau tana cikin Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Wanda ya fito can ya san haske da inuwa, ya san nisa da kusa, ya san haɗa launi. Inda yakan yi tuntuɓe shi ne ya ɗauka aji na yara sittin ɗakin zanen kwaleji ne, ya ce ba zai fara ba sai an sayo takarda mai kauri da fentin kanti. Irin wannan malami a tuna masa da Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930. Ya tafi makarantar Slade a Landan a 1954, ya dawo a 1957, ya baje kolin ayyukansa a Khartum, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo na irin makarantar da mahaifinsa yake koyarwa. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag su ne ginshiƙan salon zanen da ake kira Makarantar Khartum, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa babban baje koli. Ɗan kwalejin da ya san wannan tarihi ba zai raina tawada da alƙalamin kara ba. Wanda ya raina su bai karanta malamansa ba.

Akwai wanda ya biyo ta horon malanta, hanyar da ta samo tushe daga cibiyar Bakht ar-Rida da aka kafa kusa da Duwaim a 1934. Wannan ya iya riƙe aji, ya iya raba minti 40, littafin shirin darasinsa tsaf. Rauninsa ɗaya ne amma babba: yakan zana itace ko gida a baƙin allo ya ce a kwafa, sai a sami itace iri ɗaya sau sittin.

Na uku namu ne tun kaka da kakanni: ɗan makarantar allo, wadda a nan ake ce wa khalwa. Tun zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa a bakin kogi kusa da Sinnar a farkon ƙarni na 20, unguwanninmu ba su taɓa rasa mai dama tawada, mai fere alƙalami, mai zayyanar allo ba. Zayyanar da muke yi wa allon sauka 'yar'uwar sharafa ce ta khalwar Sudan. Hannun irin wannan mutum a zaune yake, ya san haƙuri, ya san awo da ido, kuma ba ya bukatar kobo kafin ya haɗa kayan aiki. Abu biyu ake lura da su. Na farko, horonsa na maimaici ne, don haka yakan ɗauki duk sauyin da yaro ya kawo a matsayin kuskure. Na biyu, rubutun allonmu na tsarin Magriba ne: fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Makaranta kuwa naskhi da ruƙ'a take koyarwa, da su ake jarrabawa. Dole ya faɗa wa yara ƙarara cewa hannu biyu ne, ya nuna musu su gefe da gefe, in ba haka ba za su kai ɗigon allo cikin takardar Larabci a rage musu maki.

Sai masu sana'a: mai saƙa faifai, mai lalle, mai gina randa, mai ɗinkin hula. Galibi ba su da takardar shaida, don haka ba a ba su aji su kaɗai. A haɗa su da malamin aji na tsawon mako uku ko huɗu, mai sana'ar ta riƙe aikin hannu, malamin ya riƙe lokaci da tsari. A kuma biya ta haƙƙinta, ko kaɗan ne, domin lokacin sana'arta ta bari.

Gwajin da ya fi takarda

Kada a tsaya kan kallon zanen da mai neman aiki ya zo da shi. Iya zane daban, iya sa yaro ya yi zane daban. A ba shi aji na huɗu ko na biyar, hissa ɗaya, gawayi, bayan tsofaffin takardun jarrabawa, da buta ɗaya a kan tebur. Mudir da mutum ɗaya daga cikin iyaye su zauna a baya, kada su sa baki.

Abin dubawa na farko: minti nawa ya yi yana magana kafin hannun yara ya taɓa gawayi? In ya wuce bakwai, mai lacca ne. Na biyu: ina ya tsaya? Malamin zane zagayawa yake yi, yana durƙusawa kusa da yaro ya kalli butar daga inda yaron yake kallonta. Na uku, wanda ya fi duka: me yake yi in yaro ya yi abin da ba daidai ba? Kusan kowane yaro zai zana bakin buta da'ira cikakkiya, domin ya san da'ira ce. Wani malamin sai ya karɓe gawayin ya gyara da hannunsa. Wanda ake nema shi ne mai cewa, "Ɗana, rufe ido ɗaya. Daga nan inda kake zaune, bakin nan da'ira kake gani?" Yaron ya ƙura ido, ya ce, "A'a Ustaz, kamar ƙwai ne a kwance." Shi ke nan, yaron ya gani da kansa, kuma gobe zai ga haka a bakin kofi da bakin rijiya ba tare da an faɗa masa ba. Malamin da ya zana a kan takardar yaro ya koya masa cewa hannunsa bai isa ba.

A ƙarshen hissa a shimfiɗa takardun a ƙasa. Wanda ke zaune a dama ya kamata hancin butarsa ya fuskanci wani gefe daban da na wanda ke hagu. In duk sun zo iri ɗaya, ba buta suka kalla ba, baƙin allo suka kalla.

Bayan gwaji a yi masa tambaya uku a baki. Me zai yi da yaron da ya ce "ban iya ba"? Amsa mai kyau tana nuna ya san shekaru: yaro ƙasa da shekara tara abin da ya sani yake zanawa, ya sa uwa ta fi ɗaki tsawo domin ita ce babba a zuciyarsa, kuma bai kamata a matsa masa da awo ba. Daga tara zuwa sha ɗaya ne yake fara ganin zanensa bai yi kama da abin ba, a nan yawanci suke yar da gawayi har abada, a nan ne kuma suke bukatar a koya musu dabara ta gaske. Malamin da ya ce a saki kowa ya yi yadda yake so a kowane aji zai rasa manyan, wanda ya ce a kwafa a kowane aji zai kashe ƙananan.

Tambaya ta biyu ita ce ta zanen mai rai. Iyaye da yawa ba sa so, malaman addini kuma sun yi maganganu daban-daban a kai, musamman tsakanin gunki mai jiki, zanen takarda da kayan wasan yara. Ba a son malamin da zai yi wa iyaye dariya, ba a kuma son wanda zai fake da wannan ya ƙi aiki. A zauna da limamin unguwa tun farkon shekara a tsayar da iyaka, a sanar da iyaye. Ganye, tukunya, gini, jirgin ruwa, harafi da zayyana sun isa su cika shekara shida ba a maimaita ba. Ta uku: yaya zai ba da maki? Za mu zo kanta.

Kayan aiki na yara sittin

A raba aji rukuni goma, shida shida, kowane rukuni da shugaba mai ɗauko kaya da mayarwa. Awon da ke ƙasa da kofin shayi ne da cokalin shayi.

Komai ya rataya ne a kan ƙaro, kuma a wannan Allah ya wadata mu, domin ba ƙasar da ta kai Sudan fitar da shi. A nemi na dakwara, wanda a kasuwa ake ce wa hashab, ya fi na talha narkewa da kama takarda. A daka kofi ɗaya sama-sama, a zuba ruwa mai ɗumi kofi biyu, a rufe, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ana motsawa. Kada a tafasa shi, yakan yi duhu. In ya narke a tace da ƙyalle mai tsabta don fitar da ɓawo da yashi, a jefa kanumfari guda biyar, a ƙara rabin cokalin zuma ko sukari. Kanumfari yana jinkirta fumfuna, zuma tana hana launi tsagewa in ya bushe. Cikin zafi ruwan ƙaro yakan yi tsami cikin mako ɗaya ko biyu. In ya fara wari a zubar. Shi ya sa ya fi kyau a haɗa launuka duka a rana ɗaya a busar da su, tun da busasshe ba ya lalacewa.

Tawada, wadda 'yan khalwa ke ce wa amar, daga baƙin tukunya take. A kankaro daga gindin tukunya ko ƙarƙashin kaskon kisra, siririyar gurasar nan ta dawa, da aka ɗora a kan itace, a guji inda mai ya zuba, domin baƙi mai maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba baƙin cikin ruwa kai tsaye: sai ya taso sama yana yawo. Hanyar ita ce cokali ɗaya na baƙi, cokali biyu na ruwan ƙaro, a murza da bayan cokali a faranti har minti goma sha biyar, sai ya zama kamar man takalmi ba tsaki ko ɗaya. Sannan a tsinka da ruwa cokali huɗu zuwa shida. A ja layi, a bari ya bushe, a goga da yatsa. In ya bi yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana ɓamɓarewa, ƙaro ya yi yawa, a ƙara baƙi da ruwa. In ya bazu cikin takarda kamar gashi, ruwa ne ya yi yawa ko takardar ce ba ta da ƙarfi.

Ja da rawaya da fari daga ƙasa suke fitowa: jar ƙasa, garin tsohon jan bulo, ƙasa mai rawaya ta gefen kwari, da farar ƙasa ko guntayen alli. A daka, a zuba a bokiti da ruwa mai yawa, a dama sosai, a ƙirga sittin. Cikin minti ɗayan nan yashi zai kwanta. A tsiyaye ruwan mai launi cikin wani bokiti a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama a hankali, lakar da ta rage a ƙasa ita ce launin. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sami fenti mai ƙarce takarda yana zubewa in ya bushe. A haɗa cokali ɗaya na lakar da cokali ɗaya na ruwan ƙaro, a zuba a murfin kwalba, a busar a inuwa. Murfi huɗu ga kowane rukuni, arba'in ke nan, kuma ƙaron kofi ɗayan nan ya ishe su har da tawada. Shuɗi a sayi shunin wanki, ƙulli ɗaya ya isa zango guda.

Karkade, wato zoɓonmu, darasi ne shi kaɗai. A jiƙa hannu ɗaya a rabin kofin ruwan zafi. Ja ne a kofi, amma in ya hau takarda yakan juya shuɗi-shuɗi ko ruwan toka yayin da yake bushewa. Ɗigon lemon tsami yana dawo da jan, ɗigon ruwan kanwa, wadda ake ce wa atrun, yana kai shi kore-kore. Kurkum kuma in ya haɗu da kanwa ja yake zama. Yara suna son wannan ƙwarai, amma a faɗa musu gaskiya: launin tsiro yana koɗewa a rana cikin 'yan makonni, aikin da za a liƙa a bango da launin ƙasa ake yin sa. Akwai kuma baƙar tawada ta bagaruwa, wadda a nan ake ce wa 'ya'yanta garad: a dafa hannu biyu a lita ɗaya har ruwan ya koma rabi, a tace, a jefa ƙusoshi masu tsatsa a bar su 'yan kwanaki. Takan fito fara-fara ta yi duhu a iska. Ba ta wankuwa, don haka ba ta allo ba ce, kuma in ta taɓa farar riga ta zauna. Manyan aji kaɗai ake ba wa.

Alƙalami malami ne ke fere shi a gida, ba a raba wa yara reza. Busasshen kara ko gamba mai tsawon taƙi ɗaya, a sheme bakin kamar santimita uku, a tsaga tsakiya santimita ɗaya don tawada ta bi, a datse ƙarshen a karkace. In tsagar ta yi tsawo zai zubar da tawada gaba ɗaya, in babu ita zai bushe kafin a gama harafi. Buroshi kuwa aswaki ne da aka daddaka bakinsa da dutse aka wanke. Gawayin zane a yi shi da siraran rassa masu kaurin fensir: a cika gwangwanin madara, a rufe, a huda murfin da ƙusa, a sa a wuta kamar awa ɗaya har hayaƙi ya daina fita ta hudar. Kada a buɗe sai ya huce sarai, in iska ta shiga da zafinsa toka za a tarar.

Yumɓu yana ba mutanen Jazira da Gadarif wahala, domin baƙar lakarmu tana kumbura da ruwa tana tsagewa in ta bushe. A haɗa mudu uku na laka da mudu ɗaya na yashi mai laushi ko dakakken tsingaro. A mulmula igiya mai kaurin yatsa a naɗe ta a yatsa: in ta karye yashi ya yi yawa, in tana manne wa hannu a ƙara. Kada kaurin abin da yaro ya gina ya wuce babban yatsa, a kuma busar a inuwa a rufe da tsumma kwana biyun farko. Rana tana busar da waje ta bar ciki ɗanye, nan tsagewa take farawa.

Tsarin zango da ba da maki

Makonni ukun farko gawayi da kallo kawai: ganyen darbejiya, buta, jabana, wato tukunyar gahawa, takalmin wani. Biyu na gaba yara su haɗa launi da hannunsu, domin yaron da ya tace ƙasa ya kwana yana jiranta ba ya ɓarna da fenti. Sannan harafi da zayyana. Da'ira ba ta bukatar abin kanti: ƙusa, zare da guntun fensir. A zana da'ira, a ɗora ƙusar a kan bakinta ba tare da an sauya tsawon zaren ba, a zana wata, a koma inda suka haɗu a sake, har sau shida. Fure mai ganye shida zai fito a tsakiya. In na shidan bai dawo daidai kan na farko ba, zaren ne ya miƙe ko ƙullin ya zame. A yi amfani da zaren da aka shafa wa kakin kyandir, ko tsirin kwali mai huda biyu, wanda ba ya miƙewa ko kaɗan. Yumɓu da saƙar kaba a bar su ƙarshen zango, lokacin da za a gayyato masu sana'a.

Hissar kanta: minti biyar raba kaya, biyar nuni, ashirin da biyu aiki, uku a ɗaga ayyuka biyu ko uku a tattauna, biyar wanke hannu da tattara kaya. Minti biyar na ƙarshe su ne malamai suka fi cinyewa, sai buroshi ya bushe da ƙaro ya zama itace, malamin da zai shigo bayansa kuma ya tarar da aji kaca-kaca ya kai ƙara wurin mudir.

Maki goma a raba shi haka: huɗu na kallo ko bin matakin da aka koya ranar, uku na kammala aiki, biyu na abin da yaron ya ƙara daga kansa, ɗaya na kula da kaya. Kyawun zane ba shi da maki nasa, domin in aka ba shi, yara biyar ɗin da aka haifa da hannu za su riƙa cinyewa, sauran su janye tun wata na biyu. Kowane yaro ya sami jaka ta kwali mai sunansa, a rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda. Ranar da iyaye suka zo karɓar sakamako a ɗora musu butar makon farko kusa da butar makon ƙarshe. Haka ma mudir zai auna malamin: ya zaro jaka biyar daga tsakiyar tari, ba waɗanda malamin ya zaɓo masa ba.